Baƙon Tsuntsu a Tsakiyar Hunturu

Ranar da dusar ƙanƙara ta lulluɓe bayan gidanmu, na ce yau zaman manya zan yi: kiɗan Beethoven, shahararren makaɗin nan Bajamushe, a kunne, tsuntsaye a ido. Na cika musu mazubi da tsaba, don a irin wannan sanyi ƙaramin tsuntsu wuni yake yana ci. Zafin jikinsa yakan kai digiri 40, kuma abinci ne makamashinsa. Idan ka ga sun yi suntum a kan reshe, ba ƙiba ba ce, gashi suka buɗa suka tare iska a ciki don ta riƙe musu ɗumi.

Sai neman suna ya ce min bai kamata in ji daɗi ni kaɗai ba. Na ɗauki 'yar sipikar da ke haɗe da wayata na kai gindin mazubin, na dawo ɗaki na kunna simfoni ta shida ta Beethoven, wato dogon kiɗa mai kashi biyar, wadda aka fara kaɗawa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1808. Gwarare ko a jikinsu. Ni kuwa ga bargo, ga hita, ga kiɗa yana shigowa a hankali ta kafar taga, barci ya yi awon gaba da ni.

"Ku-ku! Ku-ku!" Abin da ya tashe ni ke nan, kuma daga bayan gida yake fitowa. Tsuntsun nan kuku a gidana, a wannan lokaci? Na ce yau sunana zai shiga littafin masana tsuntsaye. Na suri madubin hangen nesa na yi waje, daga ni sai rigar barci da safa. Ƙofa ta ce ƙyas a bayana. Irin mai kulle kanta ce.

Ina cikin leƙen bishiya sai na ji sarewa ta amsa, algaitar Turawa ta biyo baya, sannan kukun ya sake, duk daga gindin mazubi. Ashe ƙarshen kashi na biyu ne, inda Beethoven ya sa kayan busa su kwaikwayi tsuntsaye uku, har ya rubuta sunayensu a takardar kiɗan. Kukun nawa kilarinet ne.

Na buga ƙofa, shiru, uwargida tana wanka. Waya tana ciki, ba halin in kashe kiɗa. Kashi na uku kuwa rawar mutanen karkara ce, ni kuma ƙafafuna sun fara mutuwa, dole in riƙa ɗaga wannan ina sauke waccan. Wallahi ban yi niyya ba, amma takun ya zo daidai da kiɗan. Maƙwabcina, dattijo mai kamun kai, ya ɗaga labule ya ga mutum da rigar barci, madubi a wuya, yana cashewa a cikin ƙanƙara. Ya ɗaga min hannu a hankali, ya saki labulen.

Kashi na huɗu hadari ne da tsawa. Da ganguna suka barke, gwararen da suka jure duk abin da ya gabata suka watse gaba ɗaya. Kurege kaɗai ya rage, shi da alama ya san kiɗa, ya hau mazubi ya miƙe ƙafa.

Sai a kashi na biyar, wanda shi ne na godiya bayan wucewar hadari, uwargida ta buɗe ƙofa. Haƙora na kaɗawa na yi mata bayani.

"Malam," ta ce, "ba kai ka ce min kuku yana ƙaura zuwa Afirka da sanyi ba?"

"Ni ne."

"To shi da ba shi da madubi ya san inda ya dace. Cire safar nan kafin ka taka min kafet."