Shinkafar azumi ba ta maganin farfaɗiya

Duk shekara idan azumi ya kama, sai ka ga ƙungiyoyi da masu hannu da shuni sun nufi gidajen yari da buhunan shinkafa, sabulu da tabarmi, wasu kuma su biya wa fursunoni tara a sake su. Allah ya saka musu da alheri. Amma ni ma'aikacin jinya ne, kuma da irin wannan tawaga na fara shiga wani gidan yari, abin da na gani kuwa shinkafa ba ta gyara shi.

Wani saurayi aka nuna mini, wai "mai aljanu". Abokan ɗakinsa sun ware masa kwano, ba mai son ya kwana kusa da shi, don sun ɗauka yawunsa na yaɗa ciwon. Da na zauna da shi, ashe farfaɗiya ce. Shekaru yana shan maganinsa a gida lafiya lau, ranar da aka kama shi maganin ya tsaya. Duk wanda ya san aikin asibiti ya san yanke wa mai farfaɗiya magani farat ɗaya shi ne kiran faɗuwa, wani lokaci faɗuwa a jere da ke iya kisa. Maganin nan, irin su fenobabiton, yana cikin mafi arha a kemis. Ba wanda ya tambaye shi a ƙofa ko yana shan wani magani. Tambaya ɗaya tak.

Ga gurgu da aka karɓe wa sandar ƙarfe don gudun kada ta zama makami. Na fahimci tsoron gandiroba, shi ma aikinsa yake karewa. Amma an karɓe sanda ba a ba shi wata ba, sai ya koma rarrafe zuwa bandakin tsugunno da mutane da yawa ke amfani da shi. Mai ciwon laka kuwa, idan ba a juya shi duk bayan kamar awa biyu, gyambo ke fashe masa a ƙugu, gyambon kuma ya fi ciwon farko saurin kai mutum kushewa. Wa zai juya shi a ɗakin da ko mai lafiya da ƙyar yake samun wurin miƙe ƙafa?

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne kurma. Ba ya jin kiran suna, ba ya jin umarni, sai a ce taurin kai ne. Likita ya zo, ba mai maganar hannu da zai fassara, sai a ba shi farasitamol a sallame shi. Kafin ma ya iso nan, ta yaya ya fahimci tuhumar da aka karanta masa a kotu?

Abin takaicin, ba doka muka rasa ba. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara yadda mai keke zai shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. A 2019 ɗin aka canza sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali. A 2023 dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ƙa'idojin Mandela kan kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce likita ya duba kowane fursuna da zarar ya shigo, kuma ya samu kulawa daidai da ta mutanen gari. Takarda dai ta cika. Amma gini irin na gidan yarin unguwar Kurmawa a Kano, wanda ke tsaye tun 1910, canza allon ƙofa ba ya faɗaɗa masa ƙofar ɗaki.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Mu da ba mu yi laifi ba ma ba mu samu magani a asibiti ba." Gaskiya ne, kullum a cikinsa nake. Sai dai kai kana iya zuwa kemis, ka ari kuɗi, ka kira ɗan'uwa. Shi fursuna hukuma ce ta kulle shi, don haka ita ce kemis ɗinsa, ita ce ɗan'uwansa. Kuma wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba alƙalin da ya ce sun yi laifi.

Ma'aikatan lafiyar cikin gidan ba na ganin laifinsu sosai. Mutum ɗaya ko biyu kan ɗaruruwan mutane, da kabad ɗin da babu komai sai maganin zazzaɓi. Fitar da mara lafiya zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ko na ƙashi na buƙatar mota, mai da masu rakiya, sau da yawa dangi ake jira su kawo kuɗin.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiyoyinmu: azumi mai zuwa ku rage buhu biyar, ku tafi da likitan ƙwaƙwalwa, likitan gashin ƙashi da mai fassara maganar hannu. Ku sayi sandunan katako da maganin farfaɗiya na wata shida, ku damƙa wa ma'aikacin jinyar gidan a rubuce, sannan ku koma bayan sallah ku ƙirga abin da ya rage.