Yadda Muka Bi Kwazazzabon Gurara Ta Inda Ba A Bi

Duk wanda ya hau hanyar Suleja zuwa Minna, ya ratse a ƙauyen Bonu, zai isa wurin da kogin Gurara yake zubowa daga saman dutse mai tsayin kimanin mita 30. Da damina ruwan yakan yi ja, ya cika bakin dutsen har faɗinsa ya kai wajen mita 200, ta yadda ko kusantarsa ba a yi. Daga Janairu zuwa Maris kuwa yakan ja baya, ya rarrabu, ya yi garau, duwatsun da ya ɓoye su fito fili. A lokacin ne jama'a suke zuwa da tabarmi da kulolin abinci, su ɗauki hoto, su jiƙa ƙafafu, su koma gida kafin la'asar da mutuncinsu. Da wannan niyya na je, kuma ina so a riƙe wannan batu, domin duk abin da ya biyo baya shirin taubashina ne.

Shi ɗan ƙanwar mahaifina ne, haifaffen Suleja, ni kuwa Bakano, saboda haka wasa biyu ne ya haɗa mu, na taubasantaka da na Kanawa da Zagezagi. Muna tsaye a gindin ruwan, ya dubi inda kogin ya kutsa tsakanin duwatsu ya ɓace a wata kwana, sai ya ce kallo daga nan aikin baƙi ne, 'yan ƙasa bin kogin suke yi. Ya tuna mini cewa kakanninsa ne suka biyo Sarkin Zazzau Muhammadu Makau bayan masu jihadi sun ci Zariya, suka keto waɗannan dazuzzuka a ƙafa, har Abu Ja, magajin Makau, ya kafa garinsu a 1828, don haka sanin hanya a jininsa yake. Na tambaye shi ko akwai turba. Ya ce, “Haba Bakanon Dabo, ai kogin shi ne turbar. Ku da kuka saba da rafin Jakara ina za ku gane wannan?” Ba a gaya wa Bakano irin wannan magana a gaban yaro ya koma mota, ga shi kuwa ɗan yayata, wanda yake makarantar sakandare, yana tsaye yana jin mu.

Shirin da muka yi wa tafiyar ya cancanci a bayyana shi. Ina sanye da kaftani na shadda mai guga, da hula, da takalmi sau-ciki wanda nake zuwa ofis da shi. Taubashina ya ɗauko kilishi mai yaji a takarda, da ledar ruwa uku, da sandar da ya tsinta, wadda ya riƙe don alamar shugabanci. Yaron ne kaɗai ya zo da silifas na roba da gajeren wando, har na yi masa faɗa a mota cewa ba a fita da manya a irin wannan shiga.

Farkon tafiyar ya yi daɗi ƙwarai. Duwatsun sumul suke, ruwa ya goge su shekara da shekaru, kuma a jikinsu akwai ramuka zagayayyu masu zurfi, waɗanda tsakuwa take haƙawa idan ambaliya ta riƙa juya ta a wuri ɗaya. Na tsaya na yi wa yaron wannan bayani dalla-dalla, ya ce, “Kawu, an koya mana a aji biyu.” Daga nan muka iso wani falalen dutse mai gangara, tsayinsa ya ɗara na mutum biyu, babu wurin dafawa ko ɗaya. Taubashina ya zauna ya zame, yaron ya bi shi yana dariya, ni ma na tattare kaftanina na yi bismilla na sulale, na sauka da ɓangaren jikin da ba a ambata a rubutu. Sai da na miƙe na waiwaya na fahimci wata ɗabi'a ta kwazazzabo wadda ba a rubuta ta a allon ƙofar shiga ba, wato akwai dutsen da yake karɓar mai sauka amma ba ya mayar da shi. Na nuna wa jagoranmu haka, ya ce ai jarumi ba ya komawa ta inda ya fito.

Daga wannan wuri kogin ya sauya hali. Bangayen dutse suka tashi dama da hagu, sarƙaƙiya ta rufe samansu, hanya ta koma tsalle daga wannan dutse zuwa wancan. Duk dutsen da feshin ruwa yake taɓawa gansakuka ta lulluɓe shi, kuma ƙasan takalmin ofis ba a ƙera shi don ya yi sulhu da gansakuka ba. Wanda ruwa bai taɓa ba kuwa rana ta gasa shi, har tafin hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Tsakanin jiƙa da gashi, gam ɗin takalmina na dama ya sallama, ƙasan ya ɓalle daga gaba, ya riƙa buɗe baki yana rufewa duk takun da na yi, kamar mai neman a ba shi izinin magana. Yaron ya cire igiyar wandonsa ya ɗaure mini shi, ya ci gaba da tsalle da hannu ɗaya a ƙugu, silifas ɗinsa suna kama dutse yadda ya kamata. Ban sake tayar da maganar shigarsa ba.

Kilishin ya ƙare, ya bar mana ƙishirwa, ruwan leda ya bi bayansa. Na ciro waya don in duba taswira, na tarar babu sabis ko ɗigo, sai wani shuɗin zare a fuskarta da yake tabbatar mini cewa ina bakin kogi, labarin da na riga na samu ta hanyar safata. Magana ma ta gagara, domin ƙarar ruwa tana dukan bango tana dawowa, idan na ce mu tsaya sai taubashina ya ɗaga sanda ya ƙara sauri. Sannan ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu ɗan doro, waɗanda suke hayayyafa a ruwa mai gudu, suna cizo da rana tsaka, ba su kuma son ko'ina sai ƙwauri da idon sawu. Irinsu ne suke yaɗa cutar makanta a ƙauyukan bakin kogi. Wannan ma yaron ne ya sanar da ni, a daidai lokacin da na naɗe wandona har gwiwa.

Da azahar ta yi muka tsaya a wata 'yar inuwa. Jayayya ta tashi a kan alƙibla, domin rana tana tsakiyar ka, kogin kuma ya yi kwana iri-iri har gabas ta ɓace wa jinin Zazzau. Na bar su suna musu na gangara yin alwala. Na tsuguna a bakin wani gurbi, na kai ga wanke fuska, sai wani abu mai tsawon hannu biyu, mai dogon wutsiya da harshe mai reshe, ya taso daga ƙarƙashin dutsen da nake kai ya faɗa ruwa. Ban san lokacin da na bi shi ba, ko da yake ba da nufin kamawa ba ne. Ruwan iya ƙirji ne, amma sanyinsa ya kai har ƙwaƙwalwa, hulata kuwa ta kama hanyar kogin Neja, inda Gurara yake ƙarewa. Taubashina, magajin jarumai, na hango shi a saman wani dutse da ban san yadda ya hau ba, yana kururuwar “Kada! Kada!” Yaron ya leƙa ya ce, “Kawu, guza ne, kuma shi ya fi ku tsorata.”

Ba mu yi nisa ba bayan salla muka iso inda bangayen suka matso juna, ruwan ya cika tsakaninsu, ya yi kore mai duhu wanda ba a ganin ƙasansa. A nan ne jagoranmu ya ga ya dace ya ba ni labarin madatsar ruwan da aka gina a saman wannan kogi a jihar Kaduna, wadda ake jan ruwa daga cikinta ta bututu zuwa madatsar Usuma don shan mutanen Abuja. Ya ƙara da cewa ruwan kwazazzabo ba ya jiran a ga hadari, abin da ya faru can sama shi yake iso da shi. Na dubi jikin bangon, na ga karare da tsummoki da ambaliyar bara ta rataye a reshen da ya fi kaina tsayi nesa, sai na yanke shawarar cewa bincikenmu ya kammala.

Mafita ɗaya ce, wata tsaga mai hawa zuwa sama, cike da saiwoyi da ganyaye masu yaɗo. Yaron ya haye cikin 'yan mintuna. Ni kuwa na bi a hankali, ina kama duk abin da hannuna ya samu, har na damƙi wata igiya mai kwasfa launin zinariya, mai laushin gashi, na ja ta da ƙarfi ta zazzago mini a wuya da cikin riga. Wanda bai taɓa haɗuwa da karara ba, ba zai gane abin da ake nufi da ƙaiƙayi ba. Gashin nan yana shiga fata ne, susa kuwa ƙara cusa shi take yi. Sauran hawan ban san yadda na yi shi ba, amma shaidu sun ce na wuce taubashina a hanya, na fito sama ba riga, ina rawar da ba a san ni da ita ba ko a ranar aurena.

Inda na fito gonar doya ce, kuma rawar ta rushe kunya da dama kafin in lura da wani dattijo Bagware da yake zaune a gindin ɗorawa yana kallona. Ya yi mini sannu da Hausa mai kyau, ya ɗebo toka daga inda ya gasa doya ya ce in goga, kada in sosa. Sa'an nan ya tambaya cikin ladabi, “Alhaji, me ya ɓace muku a ƙasa?” Ya ce tun hantsi yake jin hayaniyarmu, ya ɗauka masu neman akuya ne. A bayansa ga wata turba shararriya da take bin gefen kwazazzabon, mata suna wucewa a kanta da itace a kafaɗa, yadda matan Gwari suke ɗaukar kaya, suna gaishe mu suna kawar da kai don kada dariyar ta fito. Na tambaye shi nisan wurin da muka bar mota, ya ce jikarsa takan kai gyaɗa can ta sayar ta dawo kafin ruwan tuwo ya tafasa.

Dattijon bai nemi diyyar kunyoyinsa ba, wannan ne ya sa dole muka sayi doya da tsada ba tare da tayi ba. Ni na ɗauko ta, da takalmi ɗaya da rabi, domin taubashina ya ce hannunsa yana riƙe da sanda.

Da daddare a majalisarsu ta Suleja na tarar labarin ya riga ni isa, ya kuma yi ƙiba a hanya. Tafiyar ta zama ta kilomita ashirin, guzan ya zama kada mai tsawon mota, taubashina ya kore shi da sanda bayan ya tsamo ni daga bakinsa. Aka juyo gare ni a matsayin wanda abin ya faru a kansa, aka ce in faɗi tsakanina da Allah. Na auna abin da zai rage mini a garin nan idan aka ji guza ne ya jefa ni ruwa, sai na ce rantsuwa ba ta taso ba a kan abin da ya wuce, amma dabbar tana da wutsiya kuma ta iya iyo. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, na miƙa masa naira dubu na ce ya je ya sayo igiyar wando.