Ba Island ko Trojan kaɗai suka raini reggae a Ingila ba

Duk wanda ka tambaya yadda reggae, kiɗan Jamaika, ya kafu a Ingila, sai ya ce maka Chris Blackwell da kamfaninsa na faifai Island, ko kuma kamfanin Trojan. Ban ƙi ba, sun yi rawar gani. Amma ni a wurina an cika ba su yabon da ya wuce nasu.

Kafin Blackwell ya kwaso Island daga Jamaika zuwa Landan a 1962, akwai wani kafinta ɗan Jamaika, Sonny Roberts, da ya kafa kamfanin faifai na Planetone a Landan a 1961. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida a unguwar Kilburn ya haɗa situdiyonsa, wanda ake ɗauka shi ne na farko mallakar baƙar fata a Birtaniya. Mai gidan da yake haya kuwa akanta ne, Lee Gopthal, wanda daga baya ya haɗa kai da Island suka kafa Trojan a 1968. Shi kansa Blackwell a bayan ƙaramar motarsa yake loda fayafayai yana bin shaguna ɗaya bayan ɗaya. Abin ya yi kama da yadda 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka ɗauki finafinan Hausa a ka tun manyan attajirai ba su waiwaye su ba.

Dole ce ta sa haka. Gidajen rediyo ba su cika saka kiɗan ba, wuraren rawa da dama ba sa maraba da baƙar fata. Sai mutane suka koma shagali a gidajensu, a ture kujeru gefe, a jibge manyan lasifikoki irin na su Duke Vin da Count Suckle, a kwana ana rawa. Masu lasifikar nan su ne rediyon jama'a, faifan da suka saka shi ake nema a shago washegari.

To me Trojan ta yi? Mafi yawan abin da ta sayar a Kingston, babban birnin Jamaika, aka naɗe shi. Wani lokaci ma a Landan sai a ɗora masa goge don ya shiga kunnen Turawa. Ta samu kasuwa, har mawaƙin Jamaika Ken Boothe ya hau mataki na ɗaya a jerin waƙoƙin Birtaniya a 1974, amma a 1975 bashi ya durƙusar da ita, kuma mawaƙa da yawa sun daɗe suna kukan haƙƙinsu. Kamfanin Pama na 'yan'uwan Palmer a unguwar Harlesden ma galibi kayan Jamaika ya dogara da su.

Sautin da za a ce na Ingila ne tsantsa daga ƙananan kamfanoni ya fito, kuma a bakin 'yan mata. A 1975 Lloyd Coxsone, shi ma mai lasifika, ya naɗi Louisa Mark tana 'yar makaranta. Dennis Harris ya buɗe ɗan kamfaninsa Lover's Rock a kudancin Landan, sunan da salon ya gada har yau. Masu ganin reggae na gwagwarmaya ne kawai sun raina shi, wai waƙar soyayya ce ta yara mata. Wannan rainin ya fi komai ba ni haushi, domin ƙungiyoyin reggae na Ingila su Aswad da Steel Pulse, duk da girmansu, sai da suka sha gorin kwaikwayon Kingston, amma wannan salon ba mai cewa an aro shi. A 1979 Janet Kay, haifaffiyar Landan, ta kai mataki na biyu a jerin waƙoƙin Birtaniya da waƙar da Dennis Bovell ya shirya mata, kuma daga baya har Dennis Brown da Sugar Minott na Jamaika suka riƙa yin irinsa.