Wai a nemi aiki ta waya? Ku kawo ofis kusa da mutane

Abin da ya ɓata min rai kwanan nan shi ne wannan magana da wasu 'yan boko ke yaɗawa a Garwa ta Kamaru, wai ba sai an ƙara ofisoshin neman aiki a unguwanni ba tunda komai ya koma intanet, matashi ya ɗauki waya ya tura takardunsa shi ke nan. To wace waya? Da wane kiredi? Da wace wuta, mu da in ruwan dam ɗin Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya lokacin zafi sai a wuni babu lantarki?

FNE, hukumar gwamnati mai samar wa mutane aikin yi, tun 1990 aka kafa ta, tana da ofishin yanki a nan kamar yadda take da shi a Marwa da Gaundare. Amma Garwar 1990 ba ita ce ta yau ba. A 2007 gwamnati da kanta ta raba garin gida uku, kowane da merinsa, wato ofishin magajin gari, tun daga nan unguwannin Jambutu da Lainde sai faɗi suke yi, Bokle a tsallaken Binuwai ta cika, ga 'yan'uwanmu da Boko Haram ta koro daga Arewa Mai Nisa tun 2014, ga jami'ar da aka ba mu a 2022 za ta riƙa fitar da masu digiri duk shekara. Gari ya ninka, ƙofar neman aiki tana nan inda take.

Kuma masu wannan magana sun san aikin ofishin ba rajista kaɗai ba ne, akwai shawara, akwai tura mutum koyon sana'a, akwai taimakon mai son kafa tasa harkar. Yaron gareji da ya iya aiki amma bai iya rubuta Faransanci ba, ko bazawara mai keken ɗinki, mutum suke buƙata wanda zai zauna da su ya yi musu bayani da Fillanci ko Hausa. Yanzu sai ya ranto kuɗin mashin ya tsallaka gada, a ce dosiyensa bai cika ba, ya dawo gobe, wallahi da yawa daga nan suke haƙura, aikin kuma ya tafi ga mai kawu a sama.

Masu cewa babu kuɗi ba zan ɓata lokaci a kansu ba, kuɗin taron bita a otel bai taɓa yankewa ba.

Ɗan garin nan, Issa Tchiroma, ya riƙe ma'aikatar ayyukan yi daga 2019 zuwa 2025, dokar miƙa iko ga ƙananan hukumomi ma tun Disamba 2019 take, amma har yau muna roƙon abin da bai wuce ɗaki ɗaya da teburi da ma'aikaci mai jin yaren mutane a kowace meri ba. Ranar kasuwar Pitowa ma a kai tebur can. Magadan gari uku muke da su, wanne ne zai fara?