Kafin ku zagi ma'aikacin laburare, ku zo ku ga inda yake wuni

Kullum mu ake ɗora wa laifi. Wai ma'aikatan ɗakin karatu ba su da fara'a, wai muna rufe ƙofa da wuri, wai ka tambayi littafi a ce maka babu. To yau mu ma za mu faɗi tamu, don tura ta kai bango.

Ina aiki a laburaren gwamnatin wata jiha a Arewa. Duk mai son ganin gaskiya ya zo da hunturu ya shiga ɗakin da muke ajiye tsofaffin jaridu. Ƙurar shekaru ce jibge, ga kashin ɓera, ga fumfunar da ta kama takardu tun yoyon damina. Wannan muke shaƙa daga safe har la'asar. Babu takunkumin fuska, babu safar hannu, sai wanda ya saya da kuɗin aljihunsa. A cikinmu akwai masu asma, akwai baiwar Allah da tari ke hana ta barci, amma ba a taɓa cewa mu je a duba ƙirjinmu ba. Gara na cin kantoci daga ƙasa tana hawa cikin littattafai. Mun rubuta a zo a yi feshi, mun sake rubutawa, shiru kake ji. Ranar da ka ɗago littafin tarihin da aka daina bugawa ya zube maka gari a hannu, wallahi sai ka ji hawaye.

Sai maganar wuta. Lokacin bazara ne zaure ke cika da yara masu shirin JAMB da WAEC da NECO, lokacin ne kuma fanka ke tsaye cak. Janareta na nan, kuɗin mai ne babu, domin kuɗin gudanarwa ya zama sai an ga dama a sake shi. Muna rufewa da wuri ne saboda rana na yin sanyi zauren ya yi duhu. Yaro ya taso daga unguwa mai nisa saboda gidansu ba wurin karatu, ni ce zan dube shi in ce ya tattara ya tafi. Shi yana ganin mugunta ce, ni kuwa raina ne ke ƙuna.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye albashi. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma ƙaramin ma'aikaci mai iyali ya biya keke napep zuwa da komowa, me ya rage masa? Ƙarin girma ya maƙale. Masu ritaya na tafiya ba a maye gurbinsu, har ta kai mutum ɗaya ne ke rajistar littattafai, shi ke zaman teburin aro, shi ke share zaure. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka mayar da laburare wurin horo: wanda ya saɓa da maigidansa a ma'aikata sai a turo mana shi. Alhali ga matasa sun karanci aikin nan a ABU Zariya da BUK suna zaune a gida, kuma tun 1995 akwai dokar da ta kafa hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta ƙasa, LRCN. Wa ke bin ta?

Sakacin daga sama ya faro. Hedikwatar Laburaren Ƙasa da ke Abuja tun 2006 aka ba da kwangilarta, aka bar ginin tsaye shekara da shekaru, har a 2025 sai da uwargidan Shugaban Ƙasa ta roƙi jama'a gudummawa a bikin cikarta shekara 65 don a ƙarasa shi. Ƙasa guda, laburarenta ya koma jiran kyautar ranar haihuwa! Gwamnonin jihohi sun ga haka, shi ya sa ba sa jin kunyar namu.

Ranka ya daɗe Kwamishinan Ilimi, ba mota muke roƙo ba. Ka zo da kanka ba tare da sanarwa ba, da azahar, ka zauna a zauren nan ko na rabin awa. A gyara kwano kafin ruwa ya sauka, a kashe garar nan, a sa mana sola ko da ta fanka da ƙwan fitila ce. Kuma a kai masu tarin nan asibiti a cikin watan nan, da kuɗin gwamnatin da suka yi wa aiki har ƙirjinsu ya lalace.