Yara sun shirya, iyayensu mata na nan suna gaba

Zumuncin da ake ƙullawa a bakin ƙofar makarantar firamare ba zaɓi ba ne. Aji ne ya haɗa iyayen, ba hali ba. Sau da yawa ma ba a san sunan mace ba, uwar wance kawai ake ce mata. Duk da haka zumuncin yana da amfani: wannan ta ɗauko miki yaro ranar da aiki ya riƙe ki, waccan ta tuna miki aikin gida da ɗanki ya ɓoye.

Ana zaman lafiya har zuwa ranar da aka raba sakamakon jarrabawa.

Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya bayyana cewa mutum yana auna kansa ne da wanda ya yi kama da shi. A 1988 Abraham Tesser ya ƙara da abin da ya fi ciwo: nasarar na kusa da kai, a fagen da ka ɗauka naka ne, ta fi ta baƙo zafi. Uwa ba ta jin komai idan ɗan wata can nesa ya zo na ɗaya. Amma idan ɗan ƙawarta ne, benci ɗaya da nata, sai "barka" ta fito da ƙyar. A ganina, laifin ba na ƙawancen ba ne. Laifin shi ne mayar da katin sakamakon yaro tamkar jarrabawar uwarsa.

Zauren WhatsApp na aji ya ƙara wa wutar fetur. Da can, magana takan mutu a bakin ƙofa. Yanzu tana nan a rubuce, ana ɗaukar hotonta a tura wa wadda aka yi da ita, kuma kullum akwai ƙaramin zaure na gefe da ba a saka wata ba. (Ita ma ta sani, kada a yaudari kai.)

Zo mu zauna, zo mu saɓa, wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ke damuna shi ne yaran. Biyu sun yi faɗa kan fensir da safe, kafin a tashi suna wasa tare. Iyayen kuwa sun kai ƙara wurin malama, sun daina gaisawa, an hana yaro zuwa gidan abokinsa. Ya tambayi dalili, aka ce masa ya yi shiru, maganar manya ce.