Koriya ta Kudu: kotu ta yi nata, saura 'yan majalisa

Daga shekarun 1950 zuwa 2018, samari sama da 19,000 aka ɗaure a Koriya ta Kudu saboda sun ƙi shiga aikin soja na dole. Galibinsu 'yan ɗariƙar Kirista ta Shaidun Jehobah ne, kuma hukuncin da aka saba yanke musu shi ne ɗaurin wata 18. Yaro zai gama makaranta ya tsaya gaban alƙali ya ce imaninsa ya hana shi koyon kisa, alhali ya san daga nan sai kurkuku, kuma tambarin tsohon fursuna zai bi shi duk inda ya je neman aiki.

Iyayensu da lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi shekaru suna sintiri a majalisar dokoki. A 2007 gwamnatin Shugaba Roh Moo-hyun ta yi alkawarin samar da aikin farar hula a madadin bariki, wadda ta gaje ta kuma ta jingine maganar a 2008. Sai a Yunin 2018 Kotun Tsarin Mulki ta tilasta wa majalisa yin dokar samar da wannan aikin madadin kafin ƙarshen 2019.

Dokar da 'yan majalisar suka fitar ita ce abin da ya ɓata mini rai. Sojan ƙasa yana yin wata 18. Wanda ya ƙi riƙe bindiga zai yi wata 36, kuma a ina? A gidan yari! Can yake kwana, can yake girki da wanki da shara. An cire masa sunan fursuna, an ninka masa wa'adi. A Mayun 2024 kotun ta amince da wannan tsari da ƙuri'a 5 da 4.

Na san hujjar masu adawa, kuma tana da nauyi. Yaƙin da aka yi da Koriya ta Arewa bai ƙare a hukumance ba, tsagaita wuta kawai aka yi a 1953, ga haihuwa ta ragu matuƙa, samarin da za a ɗauka soja suna raguwa. Uwar da ɗanta ke gadin iyaka cikin sanyi tana da damar tambayar me ya sa ɗan maƙwabciyarta ba ya can. To amma akwai kwamitin da ke tantance mai gaskiya da mai fakewa da addini. Idan an tantance mutum an yarda da shi, azabtar da shi kuma ta mece ce? Asibitoci da gidajen kula da tsofaffi suna neman hannu, ga matasa masu son yin aikin an kulle su a bayan katanga.

Tunda kotu ta rufe tata ƙofar, masu fafutuka su koma majalisa, su bi 'yan kwamitin tsaro ɗaya bayan ɗaya. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta riga ta ba da shawarar kada wa'adin ya wuce wata 27. Daga nan ya kamata a ɗauko maganar, tare da fitar da aikin daga gidan yari.